HAƘƘIN MAJINYACI A BAITULMALI RANAR ANNOBA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai rayawa Mai kashewa, wanda Ya jarrabi bayinSa da lafiya kamar yadda Ya jarrabe su da cuta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, maganar da za mu yi yau magana ce a kan kuɗi. Wato kuɗin da gwamnati take ware wa ma'aikatun lafiya domin su tari annoba idan ta faɗo wa jama'a. Na san wani zai ce to, malam ya bar karatu ya koma siyasa. Ɗan'uwana, buɗe littattafan fiƙihu ka duba. Malaman da suka rubuta babin alwala su ne suka rubuta babin baitulmali: inda dukiyar jama'a take fitowa, da inda ya wajaba a kai ta, da hukuncin wanda ya ci ta. Mu ne muka riƙe babi guda muka saki guda. Kuma malaman usulu sun haɗu a kan cewa kiyaye rai yana cikin abubuwa 5 da shari'a ta zo domin ta tsare su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. To yaya za a ce abin da yake tsare rayukan dubban Musulmi ba ya cikin wa'azi?

Mu fara da magabata, domin a can hujja take. A zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya fita zuwa Sham, da ya kai wani wuri da ake kira Sargu sai kwamandojin yaƙi suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a ƙasar. Bai yi gaggawa ba. Ya kira Muhajirai ya yi shawara da su, suka saɓa. Ya kira Ansaru, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka ce ya koma da jama'a. Da ya yi shelar komawa sai Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai su kiwo da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Suna cikin haka sai Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya iso, ya ba su labarin cewa ya ji Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan ƙissa. Wannan annoba ita ce ta Amwasa, wadda ta ɗauki Abu Ubaida kansa da Mu'azu ɗan Jabal a shekara ta 18 bayan hijira, kuma malaman tarihi sun ce ta kashe mutum wajen 25,000. Ba ta lafa ba sai da Amru ɗan Asi (R.A.) ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, su daina cunkuso wuri ɗaya.

A wannan shekara dai fari ya auka wa Hijaz, shekarar da ake kira ta toka. Mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa Madina da yunwa. Me Umar ya yi? Bai tsaya kan mumbari ya ce wa mutane ku yi haƙuri kawai ya koma gida ba. Ya buɗe baitulmali, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da agaji, ayarin abinci ya taso daga Sham, aka kafa tukwane ana dafawa ana rabawa. Shi kuwa ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu, ya dinga cin man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ya yi roƙon ruwa, ƙwarai kuwa. Amma roƙon ruwan da buɗe taskar tare suka tafi. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

To, me kuɗin annoba yake saya? Da yawanmu idan an ce an ware miliyan kaza sai mu ɗauka magani kawai za a sayo. A'a. Kafin magani akwai ido. A ƙa'ida kowace ƙaramar hukuma cikin 774 ɗin da ke Nijeriya tana da jami'in da aikinsa shi ne sa ido kan cututtuka: ya zaga asibitocin ƙauye, ya ji cewa yara 5 sun mutu a unguwa ɗaya da ciwon wuya da zazzaɓi, ya kai rahoto sama tun abu bai yi nisa ba. Wannan mutum yana bukatar babur, babur yana bukatar mai. Idan an ɗebi ruwan ƙashin bayan mai sanƙarau, ko bayan gidan mai amai da gudawa, sai an sami motar da za ta kai shi ɗakin gwaji kafin ya lalace. Allurar rigakafi tana son sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa hannun yaro, wato firji da wuta ko hasken rana. Ga safar hannu, ga ruwan ƙarin ruwa, ga sinadarin tsarkake rijiya, ga alawus ɗin ma'aikacin da zai kwana a tantin marasa lafiya alhali shi ma yana da iyali. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma idan babu su sai annoba ta yi wata biyu tana cin mutane kafin Abuja ta ji. Kuma kuɗin da aka kashe a makon farko ya fi ninkinsa goma da aka kashe a wata na uku, domin wanda ya mutu ya mutu.

Yawancinku ba a haife ku ba a 1996. Ku tambayi iyayenku. A shekarar nan sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawa a Arewa, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya cika har ana kwantar da mutane a ƙasa. Abin ya kai Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga aikin hajji a shekarar. Ka ji fa! Rukuni guda na Musulunci ya kuɓuce wa dubban mutane saboda sakacin kiwon lafiya. Sa'an nan wani ya ce wannan ba maganar addini ba ce?

Yanzu ku saurari abin da aka yi alkawari, domin mai neman haƙƙi dole ya san haƙƙinsa. A watan Afrilu na 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a nan Abuja, suka ɗauki alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. A gidanmu aka yi taron, amma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa can ba, shekara da shekaru yana yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6. A 2014 aka sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, a keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa, jihohi kuma su kawo nasu kason kafin su karɓa. Doka ta zauna a takarda. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, wajen naira biliyan 55. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, tun 2011 take aiki, amma dokar da ta kafa ta sai a Nuwamba 2018 aka sa mata hannu. A tsarin rabon asusun da aka yi a 2020 an ba ta kashi ɗaya da kwata cikin 100. Ku yi lissafin da kanku, ku 'yan makaranta ne. A wancan tsari, cikin kowace naira 10,000 da ta shiga aljihun gwamnati, naira 100 ce take zuwa asusun, cikinta kuma naira ɗaya da kwabo 25 ne rabon masu gadin annoba ta wannan ƙofa. Gaskiya ne hukumar tana da nata kasafin daban, kuma ƙungiyoyin waje suna taimakawa. Amma gidan da ya jingina tsaron ransa ga sadakar baƙo, ranar da baƙon ya ɗauke jakarsa fa? Allah Ya ba mu labarin Annabi Yusufu (A.S.), yadda ya tanadi hatsi a shekarun wadata 7 domin shekarun fari 7. Tanadi kafin masifa sunnar annabawa ce.

Ga labari biyu, ku auna su da kanku.

Ranar 20 ga Yuli 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas daga Laberiya, yana ɗauke da cutar Ebola. Aka kai shi wani asibiti. Ya nemi a sallame shi, likitar da ke kula da shi, Dakta Ameyo Adadevoh, ta ƙi, duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta mutu a watan Agusta. Wannan mata ba Musulma ba ce, amma abin da ta tsaya a kai shi ne ainihin abin da hadisin Abdurrahman ɗan Aufu ya koyar, kuma adalci ya sa mu faɗi alherinta. Kafin a cika mako uku shugaban ƙasa na lokacin ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya amince da naira biliyan 1.9. Aka ɗauko ma'aikatan da suka ƙware a yaƙi da shan inna, aka kafa cibiyar gaggawa ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, gida gida, ana auna zafin jikinsu kullum. A gari irin Legas mai miliyoyin mutane, mutum 20 kaɗai suka kamu a ƙasar baki ɗaya, 8 suka mutu. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Af, kuma kada mu manta, a wannan lokaci ne aka tashi mutane da tsakar dare ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har wasu suka rasa rayukansu. Waye ya yi ta tura saƙon a waya? Mu ne, samari, ba tare da tambayar daga ina ya fito ba, alhali Alƙur'ani ya umarce mu da binciken labari kafin mu ɗauka.

Labari na biyu daga Zamfara. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, suna farfaɗiya suna sanƙarewa. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Mutane suna haƙo dutsen zinariya, suna kawo shi cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara wajen 400 suka mutu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba ya amfani idan yaron zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Dole sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa tukuna. Aka share ƙauyuka 7, ya rage Bagega, wadda ta fi su girma, inda aka ƙiyasta yara kusan 1,500 suna jiran magani. A watan Mayu na 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Likitoci suna nan a shirye, magani yana nan, amma ba dama a fara. Yuni ta wuce, damina ta zo ta tafi, aka yi ƙaramar salla, aka yi babba. Kuɗi bai fito ba sai a ƙarshen Janairu 2013.

To, ina tambayarku. Gwamnati ɗaya ce, baitulmali ɗaya ne. Me ya sa can mako uku, nan wata takwas? Ni dai abin da na fahimta shi ne, Ebola tana hawa jirgin sama, tana iya shiga gidan minista. Dalmar Bagega kuwa ba ta barin tsakar gidan talaka. Ba ina cewa an yi laifi da aka gaggauta a Legas ba, wallahi an kyauta, kuma ya nuna cewa idan an so ana iyawa. Wannan ɗin ne ma ya sa uzurin ya faɗi. Shari'a ba ta san ran birni da ran ƙauye ba. Diyyar ɗan sarki da ta ɗan mai haƙar zinariya raƙuma 100 ce duka. Kuma jinkirta haƙƙi ga mai ikon biya zalunci ne ko da bashin mutum ɗaya ne, balle bashin yara 1,500 waɗanda dalma ke cin ƙwaƙwalwarsu kowace rana, ɓarnar da ba ta gyaruwa ko an warke.

Kun san su waye suka taimaka kuɗin ya fito? Cikinsu akwai samari sa'anninku, irin su Hamzat Lawal da abokan aikinsa, waɗanda suka ɗauki maganar suka yi ta bin sawun kuɗin daga ofis zuwa ofis, suna yayata ta, har kunya ta kama masu riƙe da alƙalami. Ba su ƙona taya ba, ba su jefi kowa ba. Sun san adadin, sun san ranar alkawari, sun ƙi yin shiru.

Yanzu mu dawo kan abin da na ce ku riƙe. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 sanƙarau ya sake ɓarkewa, ya faro daga Zamfara ya bazu Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Mutum fiye da 14,000 ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka mutu. Rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne, wannan kuwa nau'in C ne, allurarsa ta yi ƙaranci, labari kuma bai isa sama da wuri ba. Ana cikin haka sai gwamnan Zamfara na lokacin ya fito ya ce cutar horo ce daga Allah saboda zunuban mutane. Jama'a, mu yi adalci a nan. Cewa zunubi yana jawo masifa, wannan gaskiya ce, nassi ya zo da ita, ba mai imanin da zai musa. Amma kalmar gaskiya tana iya zama mafakar wanda bai sauke nauyinsa ba. Na farko, babu wanda aka yi wa wahayi bayan Annabi (S.A.W.) da zai ce wannan cuta saboda wancan zunubi ce. Abu Ubaida da Mu'azu annoba ce ta kashe su, shin fasiƙai ne? Hadisi ma ya zo cewa mutuwar annoba shahada ce ga mumini. Na biyu, idan za a lissafa zunuban da ke jawo fushin Allah, to barin asibiti babu magani alhali an karɓi kuɗinsa yana cikin lissafin, kuma ba talaka ne ya aikata shi ba. Malami ya kira mutane zuwa tuba, aikinsa ne. Mai riƙe da taska shi ma ya tuba, sa'an nan ya buɗe taskar, kamar yadda Umar ya yi.

Haka nan mu ma a ƙasa muna da namu. Yaro ya sanƙare, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, sai a ce iska ce, a tafi gidan boka, a yi yanka a mararraba, a rataya laya. Ga shirka, ga ɓata lokaci, alhali sanƙarau yana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma allurarsa tana aiki idan an kai shi da wuri. Karanta masa addu'o'in da suka tabbata kana kan hanyar asibiti.

Sai maganar masu cin kuɗin bayan ya fito. Domin sau da yawa gwamnati takan saki, amma a hanya ya narke: mai sa hannu ya cire nasa, mai kwangila ya kawo rabin kaya ya rubuta cikakke, mai sito ya fitar da maganin kyauta ta ƙofar baya ya kai kemis, a rubuta sunan ma'aikata 40 alhali 12 ne suka fita aiki. Kun ga abin da ya faru a Oktoba 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona jibge, watanni bayan kulle. Fasa rumbun ba daidai ba ne, ba ma goyon bayansa. Amma me ya zaunar da kayan? Wannan cin amana shi shari'a ta kira gululu. A yaƙin Haibara wani bawan Manzon Allah (S.A.W.) ya ɗauki mayafi guda daga ganima kafin a raba. Daga baya kibiya ta same shi ya mutu, mutane suna yi masa murnar aljanna, sai Annabi (S.A.W.) ya ba su labarin cewa mayafin nan yana ci da wuta a kansa. Mayafi guda, a wajen jihadi, tare da Annabi! To ina ga wanda ya sayar da katan ɗin ruwan ƙarin ruwa ranar da amai da gudawa ke kashe yara? A 2021 kaɗai wannan cuta ta kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, cutar da ruwa mai tsabta da gishiri da sukari suke ceton mafi yawan masu ita. Kuma wanda zai ce ai kyauta ɗan kwangila ya ba ni, ya tuna da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce nasa ne kyauta aka ba shi. Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkarin haka a bainar jama'a, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna ba wanda zai kawo masa komai.

Ba don ku zagi shugabanni na faɗi wannan ba. Gobe ku ne a kujerun nan. Cikinku akwai wanda zai zama akanta a ma'aikatar lafiya, akwai mai sito, akwai direban motar rigakafi, akwai kansila. Fayil zai zo teburinka ranar Alhamis da yamma, kana gaggawar tafiya gida, ka ce sai Litinin. Ka sani tsakanin Alhamis da Litinin akwai kabarin da za a haƙa. Kuma tun ƙarni na 5 bayan hijira Imam Gazali ya yi kuka a cikin Ihya'u cewa likitanci farilla ce ta kifaya, amma sai ka sami gari babu likita Musulmi, kowa ya ruga karatun saɓanin malamai. Kukan nan har yau bai bushe ba a ƙauyukanmu. Wanda Allah Ya ba shi kan kimiyya a cikinku ya tafi likitanci, ko aikin jinya, ko aikin ɗakin gwaji, da niyyar sauke wa al'umma farilla, kuma idan aka tura shi ƙauye ya zauna.

Sauranku kuwa, kowace mazaɓa ya kamata a ce tana da asibitin matakin farko, kuma a tsari akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ya kamata ya riƙa duba abin da ke shiga da abin da ke fita. Ku shiga. Ku je da ladabi, mutum uku ko huɗu tare da dattijo guda, ku tambayi mai kula da asibitin ko kason asusun yana iso masa, nawa ne, yaushe ya zo na ƙarshe, me aka yi da shi. Sau da yawa za ku tarar shi ma mai kuka ne, yana neman wanda zai taya shi magana. Ku rubuta abin da kuka ji da kwanan watansa, ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku a rubuce, ku ajiye kwafi. Kada ku tuhumi kowa da sata ba tare da hujja ba, domin ƙazafi ma zunubi ne. Idan kuma kuka ga mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya da ciwo iri ɗaya, amai da gudawa ne, ko ciwon wuya da zazzaɓi, ko mashaƙo, kada ku jira a yi jana'iza ta uku. A sanar da asibiti mafi kusa da mai unguwa a ranar.

Allah Ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauka daga cikinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi shugabanninmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.